Kwalbar da Ta Iso Garwa

Kwana goma sha ɗaya tana hanya.
Duwala, 'yan duwan, jirgin ƙasa zuwa Ngawundare,
sai mota, sai ni a tasha da biyun rana
rungume da kwali kamar mai jego,
ƙanƙarar ciki saura ƙiris.

Da na buɗe, Barmani mai shara ta leƙo:
"To, ina abin?"
Na ɗaga kwalbar. Ba ta kai ɗan yatsana ba.
A gindinta wani farin ɓurɓushi
da ko kiyashi ba zai tsaya dominsa ba.
Na faɗi kuɗin. Ta jingine tsintsiya,
ta auna shi da buhunan dawa,
ta ce, "Ku dai 'yan boko, Allah ya shirye ku."

Saitokin ne sunansa a takarda.
Ni mai shela nake ce masa.
Shi ne ke ratsa lungunan jini
in ƙaya ta shiga, in cuta ta haura katanga:
"Jama'a, gobara! Ku fito!"
Sai wuri ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi,
maƙwabta na ta tururuwa da bokitai.

Na ɗan Adam ne, amma ba a tsaga kowa ba.
Wata ƙwayar halitta aka ba wa aron umarnin,
can a wata ƙasa mai sanyi, cikin tukunyar ƙarfe,
ta haddace, ta biya, ba ta san ma'ana ba.
Aka tace, aka busar, aka rufe,
aka aiko mini kiran ba maƙogwaro.

Wana Jibo, ɗinki yake yi a Yelwa.
Zazzaɓi ya kayar da shi ran Laraba.
Likita ya ce an ci ƙarfin cutar,
jikin ne ya ƙi daina ihu.
Masu kashe wutar suka yi yawa,
suka tattake gidan da suka zo ceto.
Asabar muka kai shi.
Kekensa na nan, da zare shuɗi a allura.

Daren jiya wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Ni da Haman maigadi, kan babur,
har bakin gadar Binuwai wajen masu kifi,
muka tashi wata mata daga barci
ta sayar mana da ƙanƙara mai ƙarni.
Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba.

Yau da safe na narka ɓurɓushin,
na raba shi ɗigo-ɗigo,
rami casa'in da shida a faranti guda.
Wannan kaɗan. Wannan ninki. Wannan ninkin ninki.
Hannuna na rawa, na dafe shi da ɗayan.

Ba magani nake haɗawa ba, Barmani,
ko na shekara ba zan ce miki na kusa ba.
So nake in san
a ɗigo na nawa kira ke zama ihu,
kuma wa ke da hurumin ce wa mai shela:
ya isa, sun ji, koma gida.

Rami na bakwai ya fara sauya launi.
Miƙo mini biro.