Yatsan da Na Dangwala

Ni ce na dangwala.
In ana neman mai laifi kada a je nesa,
ga babban yatsana, ba ko ɗigon tawada,
man gyaɗa ya wanke shi tun a ranar.

Wata Talata Mushe Sahabi ya aiko a kira ni.
Na bar tunkuza a turmi, na taka daga Bagalam har lakwal.
Ya ba ni kujera, ya ce, Uwar Mutari, hanya biyu ce.
Ɗaya ta alƙalami, agogo na bisa kai,
hannun ɗanki kuwa kin san shi,
rawa yake kamar ganyen bedi in hadari ya taso,
baƙi ɗaya sai ya cinye rabin layi.
Ɗayar ta baki ce, a natse, ba mai kora,
mu tambaye shi daidai ƙarfinsa.
Wace uwa za a nuna wa inuwa
ta ce a kai ɗanta rana?

Daidai ƙarfinsa!
Aka zube tsakuwa goma aka ce ƙirga.
Aka ɗaga ƙyalle aka ce wane launi.
Yaron da in na ce tiya goma sha bakwai,
kowace jika da dala arba'in,
kafin mai awo ya lalubo wayarsa
ya ce jika ashirin da dala tamanin.
Ya ƙirga musu tsakuwarsu.
Ya dawo, bai taɓa tuwo ba.

Takarda ta fito mai kauri, da hatimi,
da sunansa cikin rubutu miƙaƙƙe.
Na rangaɗa guɗa, na raba ƙuli-ƙuli gida bakwai,
na sa ta a leda, na ɓoye a ƙasan kwalla.

Da kaka ta yi muka ɗauki kabu-kabu biyu
zuwa makarantar koyon lissafin kuɗi.
Mutumin taga ya juya ta gaba, ya juya ta baya,
kamar an ba shi jika goma yana zargin jabu ce.
Ya ce, Inna, wannan ta ce ya zo.
Ba ta ce ya ci ba.
Na ce, da bambanci?
Ya ce, kamar mabuɗi da hoton mabuɗi.
Rabe ɗan maƙwabta, wanda Mutari ya shekara shida yana raɗa wa amsa,
ya raɓa mu ya shige da tasa.

A komawa ya ƙi hawa babur.
Muka taka, yana jan ƙafar hagu, ina rage sauri.
Sai wajen masu gyaran taya ya buɗe baki:
Ke kin tambayi Mushe, Mushe ya tambayi darakta,
ni wa ya tambaye ni?
Da aro aka ba ni na hannu, in faɗa a rubuta,
tambayar kowa ta zama tawa,
ko faɗuwa na yi, ai tawa ce.

Ban riƙe Mushe a zuci ba.
Tausayi ne, irin nawa sak.
Ashe shi ma yana rufe ƙofa,
a hankali dai yake yi, ba a jin ƙara.

Yanzu bayan isha'i, a hasken ƴar fitilar sola,
yana buɗe tsofaffin littattafan Rabe,
yana faɗa, ƙanwarsa Cima tana rubutawa,
suna faɗa kan inda waƙafi zai zauna.
Sau uku muna kai roƙo ofishin sufeto.
Sun ce mu dawo. Takalmana sun san hanya.

Jiya Barira ta shigo, wadda ɗiyarta ba ta ji,
da takarda a hannu, tana goge yatsa a zane.
Na kama wuyan hannunta, na ce dakata.
Mutari, zo ka karanta mana.
Har bayanta.
Har ƙananan baƙaƙen nan na can ƙasa.