Shagon Caji a Ƙofar Marusa

Wayoyi arba'in da biyu na kwana da su jiya,
jere kan katako kamar kifin da aka shanya,
kowace da lamba manne a bayanta.
Masu su sun tafi gida hannu na ƙaiƙayi.

In an ɗauke wuta, ni ne rijiyar unguwa.
Naira ɗari, ka bar mini ranka zuwa la'asar.

Ukasha, ɗan aji biyar, ba ya iya tafiya.
Yana bakin benci yana leƙen tasa
kamar mai jinya a ƙofar asibiti.
"Kashi nawa ta kai?" Sha tara.
"Yanzu fa?" Ashirin, yaro, je ka ci abinci.
Ran Juma'a ya jingina da motar wani a bakin banki,
aka ɗauke shi hoto,
mutum ɗari uku suka taya shi murna.
Kuɗin cajin kuwa yana rubuce a bangona.

Rumasa'u ƙanenta take aikowa.
Tata ba ta hutawa, ƙyal, ƙyal, har tsakar dare.
Ba na karantawa, wallahi, haske ne ke faɗa wa ido.
Sau ɗaya na ga layi guda:
"Kowa ya gani a guruf."
Kwana tara ba a zo karɓa ba.
Na kashe ta, na sa a aljihun tebur.

Na ce da su, abin nan ya cinye ku.
Mus'ab bai ko ɗago ba:
"Baba Ilu, a ciki ake ganinmu.
A gida sai dai a aike mu."
Na buɗe baki, na rufe.
Shi ne kuma, ranar da injina ya ƙi tashi,
ya tsuguna da bidiyon wani da ba ya jin yarensa,
ya kwance, ya hura, ya mayar.
Inji ya yi tari, ya kama.
Ladansa caji biyar.

Akwai wata ƙarama mai fasasshen gilashi, lamba bakwai.
Mai ita ba ya hira da kowa.
In ta cika sai ya zaga bayan shago
ya kara ta a kunne.
Saƙon murya ɗaya ne, daƙiƙa sha huɗu,
mahaifinsa, bara, daga hanyar Jibiya:
"Ga ni nan tafe, a ajiye mini tuwo."

Ita nake fara jonawa.