Allin Malam Tanimu

Bayan la'asar, a filin Kongo,
inda siminti ya tsattsage kamar dugadugan manomi,
Malam Tanimu kan iso da alli a aljihu
da ƙwallaye shida da gashinsu ya ƙare.

Ni kuwa ƙarfi nake kawowa.
Tun daga Gyallesu nake saɓo shi a kafaɗa.
In na daka, raga ta yi rawa,
ƙadangarun katanga su watse,
ƙwallo ta sauka can bayan layi
ni ina nan ina sauraron daɗin ƙararta.

Bai taɓa ce mini in rage ba.
Durƙusawa ya yi, ya ja zane a ƙasa:
"Duk wadda ta faɗi gaban wannan, an ci ka biyu."
Litinin ke nan.
Ran Laraba ya tsaga filin a tsaye:
"Hagu haramun ce, sai ka aika uku dama."
Alhamis ya ƙwace mini sabis na biyu:
"Ɗaya gare ka yau,
kamar tsinken ashana na ƙarshe ranar iska."

Na ce, Malam, ai wannan ba tanis ba ne.
Ya ce, to, ci mu gani.

Wanda ya sa a gabana
Baba Iliya ne na Wusasa,
gwiwa ɗaure da bandeji, furfura har a gira.
Ba ya gudu. Bai ga dalili ba.
Ya ja ni dama, ya ƙara ja na dama,
sai da na kai gindin dalbejiya
sannan ya ajiye ta hagu a hankali
kamar mai ajiye ƙwai a faifai.
Goma sha ɗaya da biyu.
Na koma gida ban yi wa kowa sallama ba.

Da dare, a kan tabarma, filin ya biyo ni.
Na ga ashe dara ce,
raket kuwa ɗan tsinke ne kawai:
ba inda ka sa ba, inda ka tilasta shi ya sa.
Na ga bugun da ke ci
yakan zo ne na uku,
na ɗaya da na biyu su suka share masa hanya.

Wata huɗu alli yana canza doka.
Yau bakin raga maki uku,
gobe ba ka da ci sai an yi musaya takwas,
jibi a fara ana bin ka bashi,
ka koyi numfashi da wuƙa a wuya.

Ranar gasa, ruwa ya kwana yana zuba,
Kubanni ta cika, fili ya wanku tas,
ko ɗigon alli babu.
Yaron Kaduna ya shigo da sabon takalmi
da hannu irin nawa na da.
Ya daka. Na mayar dama.
Ya daka. Na sake mayarwa dama.

Sai ga zanen ya fito,
fari fat, a inda babu shi,
ni kaɗai nake gani.

Na ajiye ta hagu.

Malam Tanimu bai tafa ba.
Yana bakin waya yana ɓare gyaɗa,
yana miƙa wa Baba Iliya rabi.