Sunayen da Aka Raɗa wa Yefim

A Vologda, hawa na huɗu, a ɗaki mai warin albasa da jiƙaƙƙen ulu,
kakata Taisiya tana ajiye kalmomi a kwalin takalmi.
Shekara talatin ta yi a maɗaba'a tana farautar waƙafin da ya ɓata
har idon hagu ya yi yana.
Waɗannan kuwa ba na ƙamus ba ne, na mijinta ne:
duk wadda aka jefe shi da ita, ita ke tsincewa.

Ran Lahadi na zo da baƙin burodi.
Ta ce, Ulyana, kakkaɓe ƙanƙarar nan a waje, zo ki riƙe min fitila.

Kati na farko ya yi ja don tsufa. Raskolnik.
Wannan gado ne, in ji ta, tun kakan kakansa,
wanda ya ƙi ƙara yatsa ɗaya a addu'a
aka kora shi daji da iyalinsa da akuya guda.
Mai tsaga. Kin ga tun asali da gatari suke kiran mu.

Tuneyadets, mai cin banza.
Ran Talata suka kore shi daga aiki,
ran Juma'a suka zo kama shi don ba shi da aiki.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Otshchepenets jarida ce ta buga,
kuma ni na gyara shafin, da hannun nan.
Sartse ke nan, ɗan abin da ya ɓalle daga gungume.
Na duba harafi harafi, babu kuskure ko ɗaya.
Na sa hannu. Na fita bayan gini na yi amai.
Da na gaya masa, cewa ya yi: ba komai, Taya,
sartse ƙarami ne, amma yatsa ba ya barci.

Akwai wadda likita ya rubuta da shuɗin tawada,
wai hauka mai rarrafe, wanda ba ya nuna alama,
alamarsa ita ce rashin alama.
Wannan ba ta karanta min ba. Ta kife shi.
Wata goma sha tara, kawai ta ce,
ya dawo yana riƙe cokali da hannu biyu.

Dissident kuwa ta rediyo ta shigo, cikin dare, cikin ƙara,
rigar aro ce daga ƙetare, ta yi masa yawa a kafaɗa.
Wadda yake so ita ce mai tsawon layin sayen man shanu:
inakomyslyashchiy,
mai tunani dabam.
Ko mai tuhumarsa sai da ya yi tuntuɓe a tsakiyarta,
ya kurɓi ruwa, ya sake daga farko.

Takardar wanke shi ta iso bayan shekara biyu da binne shi.
Tana ƙasan kwalin, ba a buɗe ta sau biyu ba.

Sai na zaro tawa daga aljihu.
Ran Juma'ar nan aka sa sunana a jerin.
Inoagent. Wakiliyar baƙi,
ni da ban taɓa wuce Pskov ba.

Ta kawo ta kusa da idon dama, ta daɗe.
Gajera ce, ta ce. Sun yi ƙiwa, yanzu ko kalmar ba sa ƙarasawa.
Ta lashi bakin fensir, ta kwafe ta a sabon kati,
ta sa kwanan wata, ta tura shi bayan na Yefim.

Na ce, ke fa, da me kike kiransa?

Butar shayi ta fara kuka a kicin.
Ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango.
Fima, ta ce, ba da ni take ba,
Fima, zo, zai huce.