Abokin Gadina

Shekara goma sha ɗaya ina gadin gishen nan
a bakin titin da ya miƙe zuwa tashar Tawa,
da sanda, da tocila, da butar shayi,
kafin su zo da tsani wata Laraba
su kafa ido a kusurwar rufi,
baƙi wuluk kamar ƙwallon kanya,
da ɗigon jan haske a gefe.

Shugaban banki ya ce, "Arzika, ga abokin aiki.
Ba ya cin tuwo, ba ya roƙon abansi."
Na yi dariya, don albashina na hannunsa.

Mun saba.
Tare muka ga tsohuwar Bambai
da lambar sirri ƙulle a bakin zane.
Ɗanta na Abijan ya turo jika talatin,
sai da ta yi wa injin sallama kafin ta sa kati.
Tare muka ga malaman lakwal a ƙarshen wata,
layi har gindin bedi.
Da wanda ya duba abin da ya rage masa,
ya sake dubawa,
ya fita bai kalli kowa ba.

Ranar Litinin aka kira ni sama.
An kwashe kuɗin mutum huɗu,
har da na tsohuwar, ko dala ba a bar mata ba.
Ga shugaba, ga ɗan sanda, ga allo.
Suka warware daren Asabar
kamar mai kwance rawani.

Ƙarfe uku da minti goma sha biyu.
Ga kujera, ga ni a kanta,
baki buɗe, tocila a ƙasa.
Ban taɓa ganin kaina ina barci ba.
Ashe haka na tsufa.

Sai ga shi nan,
hula har gira, ƙyalle bisa hanci.
Ya cusa wani siririn abu a bakin kati,
hannunsa ko rawa bai yi ba.
Ya juyo zai fita
sai ya tsaya a kaina.
Bargona ya zame ƙasa.
Ya duƙa, ya ɗauka, ya kakkaɓe,
ya rufa mini ƙafa.

Ɗan sanda ya ce, "Tsai da nan.
Fuska ba ta fito ba.
Baba, ko ka gane shi?"

Kamara ta ga riga, ta ga tsayi, ta riƙe lokaci.
Ba ta san ɗingishin nan na ƙafar hagu ba,
na ranar da amalanken jaki ya kife a Garkawa,
ni na goya yaron har gidan mai ɗori,
yana cizon kafaɗata don zafi.
Ba ta san Haule ba, uwarsa, mai cuku,
wadda ke aiko mini da fura duk azumi.
Ba ta kuma ji kukan tsohuwar Bambai ba,
don ba a sa mata kunne ba.
Ni na ji.

Na ce a ba ni ruwa.
Na shanye, na ce a ƙara.
Sannan na ce, "Ku ba ni zuwa la'asar."

Na iske Nomau yana wankin babur.
Ya gaishe ni, ban amsa ba.
Na ce, "Na gode da bargo."
Soso ya faɗi daga hannunsa.

Mun taka tare har komisariya,
shi a gaba, ni a baya,
ƙafar hagu tana jan ƙasa.
Haule ba ta gaishe ni tun ranar.

Yanzu ganyen shayi biyu nake zubawa.
In uku ta buga, sai in miƙe tsaye,
in zaga gishe, in dawo,
in ɗaga kai in dubi jan ɗigon,
in gyara zaman hulata.