Gishirin da Ba Na Miya Ba

A Kumo, can ƙuryar gidanmu, akwai ɗakin ajiya
inda Inna ke jibge buhunan wake da tsohon turmi.
Nan Babayo ya buɗe makarantarsa, shi ne malami, shi ne ɗalibi,
da kwalaben magani da ya wanke da toka,
da cokalin shayi, da murfin gwangwani,
da wani littafi marar bango da ya tsinto a kasuwar Gombe.

Ya ce, Adda, gishiri ba iri ɗaya ba ne.
Akwai na miya, akwai na lasar shanu,
akwai wanda ya haɗiye iska ya yi shiru
kamar mai ƙullace da magana,
ranar da ya ga wuta sai ya amayar mata duka.
Na ce, kai dai zo ka ci tuwo kafin ya sandare.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ya taɓa burge ni.
Ƙwaya ɗaya ya jefa a kofin ruwa,
ruwan ya rine, ya koma shunayya,
launin gyalen da na shekara ina roƙon Inna.
Na tafa masa. Wannan tafin har yau yana damuna.

Kwalabe bakwai, biyar duk farin gari,
babu wadda aka rubuta wa suna.
Ai na san su da ido, in ji shi.
Auta ta taɓa miƙa hannu, ta zaci sukari ne,
ya make ta, muka yi dariya, aka wuce wurin.

Ranar Talata ce, bazara ta kai maƙura,
kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi.
Babu ashana, ya rantse mini daga baya,
babu garwashi, babu ko fitila.
Biyu ya haɗa waɗanda bai kamata su gaisa ba,
ya ɗan goga da bayan cokali.
Shi ke nan.

Ina tankaɗe na ji ƙarar.
Kaji suka watse, Inna ta yar da ludayi.
Maƙwabci ya jefa bargo a kan wutar,
ita kuwa ta ci gaba da cinta a ƙarƙashi,
don wuta ce mai tafe da guzurin numfashinta.
Waken shekara ya tafi. Turmin kakarmu ya tafi.

Hanyar Kumo zuwa Gombe ban taɓa jin tsawonta ba
sai da na riƙe hannunsa naɗe da zanena,
yana tambaya, Adda, idona a buɗe yake?

Ido ya tsira. Yatsu biyu ba su dawo gida ba.

Malam Yila, mai koya musu kimiyya, ya zo dubiya,
ya zauna a bakin gado, bai yi faɗa ba.
Ya ce, sanin sunan abu daban, sanin halinsa daban.
Mu da muke da tabarau da bokitin yashi,
ɗan mitsitsi muke taɓawa, kuma da tsoro.
Na ce zan kwashe sauran kwalaben in zuba a masai.
Ya miƙe tsaye: kul, ko matsar da su kada ki yi!
Washegari ya zo da waɗanda suka san aikin.

Yanzu Babayo na koyon rubutu da hagu,
baƙaƙensa sun karkace kamar sawun kaza.
Ya ce sai ya karanci abin nan har jami'a,
Inna ta kalli bango, ba ta ce uffan ba.

Jiya na shiga madafa zan ɗora miya,
na tarar da 'yar takarda manne a jikin gwangwani,
da rubutun nan mai ɗingishi:
Gishiri. Na miya.