Tazarar Yatsa Biyu

Ni ina Garwa, a ɗakin haya,
kwamfutar tana Kusuri, a shagon Baba,
bayan buhunan shinkafa da jarkokin man gyaɗa.
Duk daren Alhamis nakan buɗe 'yar taga
a kusurwar allona,
allonsa ya leƙo kamar fuska a rijiya,
in yi masa lissafin mako ina zaune a kan tabarma.

Daren jiya kibiya ta yi mini gardama.
Na ɗora ta kan "Ajiye", na danna,
can sai dannawar ta sauka kan "Goge".
Bashin Hajja Falmata, sefa dubu arba'in da bakwai,
ya ɓace ba tare da ta biya ko dala ba.
Na dawo da shi hannuna yana rawa.

Na ce ɓeran nan ne ya tsufa.
Na kifar da shi, na hure cikinsa,
na share shi da gefen zane, na sa sabon batir.
Haka dai.
Na zargi layi, na zargi hadarin da ya haɗo ta Binuwai,
na kashe, na kunna, na kashe, na kunna,
jiƙon da muke ɗura wa kowace na'ura
kafin mu san ciwonta.

Da fushi ya gaji sai na koma awo.
A sama ta hagu, inda allo yake farawa,
kibiya da dannawa bakinsu ɗaya.
A tsakiya, tazarar yatsa.
A ƙasa ta dama, yatsa biyu har da ɗoriya.
Kuskure ne mai girma da tafiya.
In na cika allona da tagar, ya lafa,
in na rage ta, ya dawo da halinsa.

Sai na tuna Kaka Ɗanjuma a bakin Lagon,
tsaye a kwalekwale, māshi a hannu:
"Kuluwa, kifi ba ya inda kika gan shi.
Ruwa yana karya ido. Soki ƙasa da shi."
Na yi rubu'in awa ina sukar gefen abin da nake so,
ina samu, ina dariya ni kaɗai.
Amma littafin bashi ba tarwaɗa ba ne,
ba a kama shi da kirdado.

Na lallaɓa na shiga saitin allonsa,
ina danna iska don in taɓa ƙofa.
Ga shi nan: girman rubutu, ɗari da hamsin.
Ni a ɗari na bar shi ranar da na taho.
Tagata tana awo da tsohon mudu,
can kuwa an sake mudu ban sani ba.

Na kira Birema, yaron shago.
Ya yi ta kame-kame, ina jin babura suna wucewa a bayansa.
"Alhaji ne ya sa na ƙara.
Tun bayan Babbar Salla
bakwai da ɗaya suka zame masa abu guda.
Ya ce kada a gaya miki,
wai kina da jarrabawa."

Ruwan ya sauko a lokacin.
Na daɗe ina kallon manyan haruffan nan,
kowanne ya yi ƙiba kamar an yi masa kiwo.

Ban taɓa masa ɗari da hamsin ɗinsa ba.
Tawa tagar na gyara, na ce ta bi awon can,
na danna "Ajiye", ta sauka kan "Ajiye".
Na rubuta a bayan rasit: likitan ido, Marwa, kuɗin mota na mutum biyu.

Ina shirin rufewa sai kibiya ta motsa da kanta.
Ba ni ba ce.
A hankali take tafiya, tana tsayawa, tana komawa baya,
tana laluben layin Hajja Falmata.
Na ɗauke hannuna daga ɓeran,
na sa shi a cinya,
na jira ta isa.